Hoton Shagon Sari

Ina 'yar shekara tara Umma ta ja ni Brickfields, unguwar Indiyawa ta birnin da muke zaune, sayen kayan ƙamshi, sai ta tsaya cak a wani shagon sari, irin zanen matan Indiya. A bango akwai koɗaɗɗen hoton wata jarumar finafinan Indiya ta zamanin da, ta zizara kwalli har gefen ido. Mai shagon ta ce tana yin aure ta bar fim, ba a ƙara jin ɗuriyarta ba.

Umma, wadda ta ajiye aikin jinya a Kano ta biyo Abba karatu ƙasar waje, ta yi ta murza zobenta.

"Ita ma miji ta bi," ta ce.

Na ja mayafinta, na yi magana irin ta yaran garin. "Umma, yunwa lah!"

Yau kwana uku ke nan takardun bizar bin mijina na kan tebur, na kasa sa hannu.