Maƙalar da Ta Fi Ambato

Shugaban kwamitin ƙarin girma ya juyo mini da kwamfutarsa.

"Dakta, maƙalunki duk barci suke, ban da ɗaya: wadda kika tantance ƙwayoyin halittar yarinyar nan da baƙuwar cuta ta kashe. Masana dubu uku sun ambace ta."

Na ce, "Haka ne."

Ya yi dariya. "Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Samo wani mai cutar ki sake rubutawa, kujerar farfesa taki ce. Iyayen yarinyar ba su da wani ɗan?"

Na dubi lambar a allon. Ban ji komai a raina ba.

"Babu, ranka ya daɗe. Ita kaɗai Allah ya ba ni."