Amincewar Gwaggo Tabawa

Tun da aka kafa sabuwar doka, ba injin da ke shiga kasuwa sai tsofaffin ƙauye sun gwada sun amince. Shi ya sa injiniya Rumasa'u ta koma wajen Gwaggo Tabawa, wadda ta bar wa injin sussukar gero wata guda.

"Gwaggo, ya yi kuwa?"

"Madalla, 'yar nan. Allah ya yi albarka."

Haka tsofaffi dubu uku suka ce bana, aka rubuta duk sun amince. Rumasa'u ta leƙa injin, ta tarar da kaza kwance kan ƙwai.

Gwaggo ta riƙo hannunta. "Ai ba a kushe abin da baƙo ya kawo. Miƙo takardar in dangwala, kada su raba ki da aikinki."