Manomin da Ya Toshe Ɗakin Alƙur'ani

Ka ce tun da ka aikata abin nan kake tsoron taɓa Alƙur'ani. To, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani manomi da suka yi rikicin iyakar gona da ƙanensa. Da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, dattawa suka ce a ɗauko Alƙur'anin marigayi mahaifinsu, rubutun hannu, mai gafakar jar fata. Manomi ya yi alwala, ya dafa, ya rantse, alhali da hannunsa ya matsar da ciyawar gamba da ke nuna iyaka. Aka yanka masa kunya bakwai daga gonar ƙanen. Tun yana yaro yake jin ana cewa Alƙur'ani na cin mai rantsuwar ƙarya, don haka daga ranar ya zauna jiran a cinye shi. Ya rataye gafakar a ɗakin tsohon, ya ja ƙyaure. Da rana tsaka, idan gari ya yi tsit, sai ya riƙa jin motsin takardu a ciki, shar, shar, kamar wani na buɗe shafi yana neman suna. Matarsa ta kasa kunne, ba ta ji komai ba. Ya sa kwaɗo, motsi bai daina ba. Ya kwaɓa ƙasa ya toshe ƙofar, ya shafe ta kamar ba a taɓa yin ƙofa a wurin ba, sai motsin ya fara bin sa gona. Ya daina bi ta inda ake karatu. A masallaci kullum yana sahun baya, kusa da takalma. Ko tuntuɓe ya yi sai ya ce, shi ke nan, an fara. Shekara goma sha tara yana haka, ga lafiya, ga hatsi a rumbu, amma ɗan kurkuku ya fi shi sakewa. Ya rasu a rame, idonsa a kan bangon nan.

Bayan sadakar bakwai ƙanen ya sa aka fasa ɗakin. Gara ta cinye tabarma, ta cinye gadon kara, har ta kama azara, amma ba ta taɓa gafakar ba. Ya buɗe daidai inda tsohon ya bar tsinken alama, sai ga ayar da ke ce wa waɗanda suka cuci kansu kada su ɗebe tsammani daga rahamar Allah. Ya durƙushe a wurin yana kuka, yana cewa, "Wayyo Yaya! Ni tun damina ta biyu na yafe maka, kai ne in ka hango ni kake sauya hanya."

Ni abin da ke ƙona mini rai, manomin nan ya yi sauka tun yana saurayi. Ayar tana bakinsa, ya biya ta ba adadi, amma bai taɓa tsayawa ya tambayi abin da take ce masa ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce, rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.