Takalmin Kawu Manu

Kawu Manu da ƙafarsa yake ci. Shekara talatin yana kora shanun mutane daga ƙauyukan Ɗanzomo zuwa kasuwar Maigatari, kuma ko a mummunan farin da ya ƙarar da dabbobi bai zauna a gida ba.

A daminar 1975 ƙishirwa ta sako shi gaba. Zai shanye gora guda, kafin a yi nisa ya ratse ya tsuguna. Ya rame har wando ya yi masa yawa. Matarsa Adda ta matsa masa, ya je asibiti a Gumel. Aka zuba fitsarinsa a 'yar kwalba tare da wani ruwa shuɗi, aka ɗora a wuta, ruwan ya koma kamar jar ƙasa. Likita ya ce ciwon sukari ne, irin wanda kan kama manya. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce duk Asabar ya riƙa zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa da su, inda ake koya wa masu ciwon yadda za su zauna da shi.

Sai dai malamin asibitin da ke koyarwar, Malam Haladu, shi ne mijin Hannatu, 'yar farin Kawu Manu.

Sau ɗaya ya je. Ya tarar da mutum bakwai a benci ƙarƙashin darbejiya, Haladu na tambayar kowa sau nawa ya yi fitsari jiya. Daga nan ya ce a cire takalma, zai duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Kawu Manu ya juya tun daga bakin shinge.

"Har an tashi?" in ji Adda da ya shigo gida.

"Ashe yaron nan ne. Wai in cire takalmi a gabansa."

"To, Malam, ai aikinsa ne."

"Shi ne mai cire takalmi in ya hango ni. Ranar da ya zo neman yarinyar nan, tun daga rijiya ya riƙo nasa a hannu. Yau ni zan miƙa masa ƙafa ya lalube, in kuma ƙirga masa fitsarina?"

Kada mai karatu ya yi masa dariya. Haka aka rene shi, kuma shi ma Haladun haka aka rene shi. Sau uku Haladu ya zo gidan, ya durƙusa a zaure kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, yaya jiki?" Aka ce da sauƙi, ya kasa ƙara komai. Ya aiko da takarda mai zanen ƙafa, Adda ta ƙunshe kanwa da ita, don babu mai karanta boko a gidan.

Kawu Manu sai ya koma jin darasi a bakin maƙwabcinsa Ubale, wanda ke zuwa.

"Me yaron ya ce yau?"

"A rage zaƙi, a rage tuwo, a sha ƙwaya. Sai dogon surutu a kan ƙafa, ni dai ban riƙe ba."

"Ƙafa? Tawa ta fi kofaton jaki. Yanzu ko ƙaya na taka ba na ji."

Abin da Ubale bai riƙe ba shi ne, wannan rashin jin ba ƙarfi ba ne. Ciwon ne ke kashe jijiyoyin ƙafa, kuma shi ke hana rauni warkewa. Shi ya sa ake so mai ciwon ya duba ƙafarsa kullum, da ido.

Bayan girbi, a hanyar Maigatari, ƙayar aduwa ta huda takalminsa na roba ta karye a tafin ƙafarsa ta dama. Da ita ya kai shanu kasuwa, da ita ya dawo. Adda ce ta ga ƙudaje na bin takalmin. Ta gasa wurin da ruwan zafi, ta shafa man shanu.

"Bari in aika a kira mijin Hannatu."

"Kada ki soma."

Kwana goma sha biyu aka yi a haka. Yatsun suka yi baƙi, zazzaɓi ya kwantar da shi, wari ya cika ɗakin. Adda ta yafa gyale ta tafi da kanta.

Haladu ya jefar da kekensa a ƙofar gida ya shige har ɗaki. Karo na farko ke nan da bai tsaya cire takalmi ba. Ya ɗaga ƙafar, ya daɗe yana kallo.

"Baba, da tun ranar na gani, da wanki da allura sun isa."

Aka kai shi Gumel a mota, Gumel ta tura shi Kano. A can aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Shanun da yake korawa, wani aka ba.

Yanzu duk Asabar yana zuwa a kan jaki, ya zauna a farkon benci. In ya ga baƙo na noƙewa, sai ya ce, "Cire, malam. Ni da na ƙi cire biyu, ga shi ɗaya nake cirewa."

Jama'a, kunya ado ce a zaure, amma ba ta da wurin zama a bencin asibiti. Mai ciwon sukari ya je ya ji darasi da kunnensa, ya kuma nuna ƙafarsa, ko da mai dubawar surukinsa ne.