Bindigar da Ke Saman Azara

Kubura, aminiyata, ki yi haƙuri da rubutun, kin san ba a aji na koye shi ba, a littattafan yara na tsinta. Ina cikin takaba, ba halin in zo Daura, maganar kuwa ta gaji da zama a cikina.

Kin tuna bindigar maigidana Malam Dabo, Allah ya jiƙansa. Ta toka ce, ƙirar maƙera. Ya sayo ta shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, bayan an haura gidan maƙwabcinmu an kwashe tumaki. Ya ɗura mata albarushi, ya naɗe ta a buhun algarara, ya tura ƙarƙashin gado. Duk ƙauyenmu na gefen Zango ba wanda bai san da ita ba, shi ma abin da yake so ke nan.

Na ce, "Malam, gida da yara fa."

Ya ce, "Kulu, ki ji da murhu, ni in ji da ƙofa."

Wata Lahadi ya kai shanu kasuwar Mai'aduwa. Ina cikin daka, sai na ji ɗaki ya yi shiru, irin shirun da uwa ba ta so. Na leƙa. Ɗana na biyu Zailani, yana ɗan shekara bakwai, ya ɗora bindigar a gefen gado, bakinta a ƙirjin autata Zulfa, yana cewa, "Ɓarawo, tsaya!" Ita kuwa dariya take. Yatsansa ne kawai bai da ƙarfin jan kunamar.

Ban yi ihu ba. Na karɓe ta, na ba su gyaɗa, na kora su waje. Na cusa ta cikin damin kara, na ɗauka a ka, na jefa ta tsohuwar rijiyar da ta rufta a bayan gari. Da na dawo na naɗe taɓaryata a buhun, na ɗaure da tsumma, na mayar inda yake.

Bayan kwana biyu Malam ya jawo buhun. Sai na ga ya ɗaga shi ya soke tsakanin azara, ya ce ƙasa akwai danshi. Ranar kasuwa ya shigo da cefane kamar kullum: gishiri, kanwa, kwalbar fitila, taɓarya, da silifas ɗin Zulfa. Ya ce araha ya tarar.

Shekara goma sha huɗu, Kubura. Kare ya yi haushi, in ce yau asirina zai tonu, kuma yau za a shigo mana ba abin kare kai. Shi kuwa in yana hira a ƙofar gida sai ya ɗaga murya, "Mu dai tamu tana sama, a ɗure." In ji, in yi istigfari. Sau nawa na kai masa tuwo da niyyar in faɗa, in dawo da kwano da maganata. Kin san yadda tsoro ke tsufa tare da mutum har ya zama kamar ciwon gwiwa.

Shekara uku da suka wuce aka kore mana shanu tara a makiyaya, da rana tsaka. Samari biyar suka tsaya a ƙofar gida da babura za su bi sawu. Zailani ya shigo yana huci.

"Baba, sauko min da ita."

Malam na zaune kan buzu, bai ko ɗaga kai ba. "Ba ta sauka."

"To ranar me aka aje ta? Ranar suna?"

"Na ce ba ta sauka."

"Wallahi Baba tsoro kake ji."

"Na ji. Tsoro nake ji. Je ka zauna."

Ina bakin madafi, ina jin su. Kalma ɗaya daga bakina da ta wanke shi, ban furta ba. Samarin suka ce ba sa tafiya da mai sanda, suka tafi suka bar Zailani. Cikin biyar ɗin, uku ne suka dawo da ƙafarsu.

Duk da haka yaron bai huce ba. Ya koma Kano, in ya kira waya ni yake nema, ubansa sai gaisuwa a taƙaice. Malam bai taɓa yin ƙorafi ba. Da ciwo ya kwantar da shi bayan Babbar Sallar bara, na durƙusa na ce, "Malam, akwai abin da zan roƙe ka gafara a kai." Ya ce, "Kulu, na gaji, bar ni in huta. Na yafe, ko mene ne."

Jibi za a raba gado. Zailani ya aiko cewa ba ya son gona, ba ya son tunkiya, bindigar kawai. Don haka ɗazu da hantsi na kife turmi, na taka, na sauko da buhun, don gara in fara ganin kunyata ni kaɗai.

Zailani ni zan gaya masa da bakina, ko zai je kabarin ubansa ya nemi gafara. Amma ke, don girman Allah, kada ki faɗa wa kowa abin da na tarar. Tsumman da na ɗaure da shi babu shi, igiyar shanu ce da irin ƙullin Malam, taɓaryar tawa kuwa tana ƙyalli da man shanu don kada ta tsage, a naɗe cikin ragowar shuɗiyar shaddar da ya ɗinka Sallar bara.