Fanshon Marigayi Na'iya

"Ni kaɗai na tare gadar nan kwana uku!" in ji Baba Na'iya, yana tura fuskarsa cikin wayar har hancinsa ya cika hoton.

Jamilat, 'yarsa mai aikin jinya a Riyad, ta ja hannunta baya. "Baba, a hankali. Jami'in fansho yana ganinka."

Aikin gwiwa ya kawo shi, amma tun da ya sauka gidanta a unguwar Jaradiya ba shi da zance sai na yaƙin basasa. Ɗan sa-kai ne shi, shekara hamsin da ɗoriya gwamnati ba ta ba shi ko sisi ba. Yau dai an samu jami'i ta bidiyo daga gida Najeriya.

Jami'in ya daɗe yana duba fayil. "Alhaji, a rubuce Na'iya Buba ya rasu a gadar. Matarsa ke karɓar haƙƙinsa duk wata. Ba ta taɓa fashin tantancewa ba."

Hajiya Tabawa, matar Baba Na'iya, wadda ke gefe tana jan carbi, ta miƙe tsam. "Bari in duba shinkafar kabsar nan, kada ta kama."

"Tabawa, ke kika kashe ni?"

Ta tsaya a bakin ƙofa. "Malam, kai ka gudo gida cikin motar doya, ka ce duk wanda ya tambaya in ce ka mutu. Gwamnati ta tambaya, na faɗa mata. Hajjinka biyu, wa kake zaton ya biya?"