Dattijon Hawa na Tara

Ƙarfe bakwai daidai Don Osvaldo ya sauko daga hawa na tara, ya tsaya gaban teburin mai gadi. Takalminsa na sheƙi kamar kullum, bayansa a miƙe duk da shekara saba'in da takwas.

"Barraza, jarida."

Heriberto Barraza ya miƙa masa. Shi shekarunsa saba'in da ɗaya, kuma a takarda ya yi ritaya tun shekara shida. Kusan shekara talatin ana yanke masa kashi goma cikin ɗari na albashinsa a masaƙa, ana zuba wa kamfanin fansho mai zaman kansa, wanda ya yi alkawarin juya kuɗin su hayayyafa. Sun hayayyafa kuwa. Abin da ake ba shi yana isarsa burodi da maganin hawan jini har wajen sha biyu ga wata. Sauran kwanakin teburin nan ne ke ciyar da shi.

"Sun sake buga wasiƙata," in ji Don Osvaldo. "Karanta ka ƙaru. Masu cewa a mayar da fansho hannun gwamnati ragwaye ne. Tsarin ba shi da laifi, Barraza, kai ne ba ka iya tanadi ba."

"Haka ne, Don Osvaldo."

Kuma da gaske ya yarda. Mutumin da ya ajiye aiki yana da hamsin da biyu, yake tafiya bakin teku duk watan Fabrairu, ya sa sababbin haƙora sau biyu, ai dole ya san wani abu. Heriberto ya sha tambayarsa wane kamfani ne nasa. Amsar ɗaya ce: "Horo da tsari, shi ke nan sirrin." Da yake shi ke raba wasiƙun gidan, duk bayan wata huɗu idan ambulan kamfanonin fansho suka zo sai ya duba ko zai ga na hawa na tara. Bai taɓa gani ba. Ya ɗauka manya ta kwamfuta ake aika musu.

Matarsa Nélida ba ta karanta wasiƙun jarida.

"Tsoho, kai har yau kanka kake zargi? Mai sharar titinmu ma bai iya tanadi ba? Malamar makaranta ma? Sojojin da suka ƙaƙaba mana abin nan, ai sun ga alherin ya yi yawa ne suka bar mana, su kuma har yau baitulmali ke biyansu." Ta dangwarar masa da tsohuwar tukunya da cokali, irin waɗanda ake kaɗawa a zanga-zanga. "Lahadi duk birnin Santiago zai fito. Gwiwata ba za ta kai ni ni kaɗai ba."

Kuskurensa, ya tafi da tukunyar wurin aiki. Ranar Juma'a Don Osvaldo, wanda shi ne shugaban kwamitin mazauna gidan, ya hango ta a ƙarƙashin tebur.

"Kwangilarka ƙarshen wata take ƙarewa, ko? Kwamiti ba ya sha'awar ma'aikaci mai kaɗa tukunya a titi. Lahadi kana aiki."

Lahadi ce ranar hutunsa. Heriberto ya ce to.

Ranar Lahadin Nélida ta fita da sanda, ba ta yi masa sallama ba. Shi kuma ya zauna a teburinsa yana jin ƙarar tukwane daga nesa, tana tashi tana sauka. Ya buɗe wasiƙar Don Osvaldo sau uku ko zai ƙaru. Bai ƙaru ba.

Wajen sha ɗaya ya ji faɗuwa. Lif ya lalace tun Asabar, Don Osvaldo ya biyo matakala, saura taki uku takalmin mai sheƙi ya kwashe shi. Yana kwance, ƙugunsa ya juya ta inda ƙugu ba ya juyawa.

Heriberto ya ɗauki waya zai kira motar asibitin gwamnati.

"Kada ka kira waɗannan, sai gobe za su zo. Aljihuna na ciki, akwai kati. Kira lambar da ke bayansa."

Heriberto ya ciro katin. Lambar a baya take, amma gaban ya fara karantawa, kuma ya daɗe yana karantawa, ga mutumin da aka ce ya hanzarta. Sannan ya kira. Ya cire rigar aikinsa ya naɗe, ya sa wa dattijon a ƙarƙashin kai, don an yi masa tarbiyya. Ya rataye makullan gidan duka a ƙusa. Ya sunkuya ya ɗauko tukunyar da cokalinta, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Barraza, me kake yi da wannan?"

"Ina jira su ɗauke ka ne, Don Osvaldo. Matata tana can ita kaɗai."

Wata goma sha huɗu Nélida ke jiran layin likitan gwiwa. Wannan motar minti tara ta yi. Mutum biyu suka fito da gadon ɗaukar marar lafiya, na gaba ya ƙame, ya sara wa wanda ke kwance a ƙasa.

"Sannu, yallaɓai Kanal."

Asibitin sojoji ba ya barin mutumin da gwamnati ke biya fansho daga baitulmali shekara ashirin da shida ya daɗe a ƙasa.